Fasfon da ba a taɓa buga wa hatimi ba

A can ƙasan akwatina, ƙarƙashin babbar rigar da na gada daga mahaifina, akwai wani koren fasfo da aka yi mini a 1986. Wa'adinsa ya ƙare tun tuni. In ka buɗe za ka ga hoton wani saurayi mai kaurin wuya, an yi masa aski ƙwal. Sauran shafukan fes suke, ko hatimi ɗaya babu. Shekara kusan 40 ke nan ina jan wannan 'yar takarda daga gidan haya zuwa gidan haya. Uwar 'ya'yana ta sha cewa in jefar, ban iya ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata gardama da ta ɓarke kwanakin baya tsakanin yaran da nake koya wa dambe, kan ko ya dace ƙasa ta ƙaurace wa gasar wasanni saboda zaluncin da ake yi wa mutane a wani wuri. Wannan ya ce dole ne, wancan ya ce ina ruwan wasa da siyasa. Na yi shiru ina jin su. Su magana suke yi, ni kuwa a jikina abin ya faru.

An haife ni a Tudun Wadan Kaduna a 1961, a gidan mahauta. Kakana daga ƙasar Sakkwato ya zo da wuƙarsa da tabarmarsa. Mahaifina da asuba yana kwata, da hantsi yana kan teburin nama a kasuwa, da yamma yana gaban tukuba. Dambe kuwa gadonmu ne, ba wanda ya koya mini shi a zaune. Tun ina shekara tara nake naɗe hannun dama da tsumma, mu yi ta kashe juna a bayan kwata. Da na tasa aka fara ɗaure mini kara na gaske, wato igiyar da ake naɗe hannun dambe da ita, aka nuna mini yadda ake miƙa hagu ta zama garkuwa, dama kuma ta zauna a baya tana jiran lokacinta. In kalangu ya ɗauka, aka fara yi wa zuri'armu kirari, ba na jin ƙafata a ƙasa.

A 1977 aka kawo gasar wasanni ta ƙasa Kaduna. Wani abokina ya ja ni muka shiga kallon damben zamani. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, mutum yana naushi da hannu biyu, yana kauce wa duka da kai da ƙugu, ga alƙalai a gefe suna rubutu. Abin da ya fi kama ni shi ne da na ji an ce wanda ya yi fice ana iya fita da shi waje, ya tsaya da tutar Najeriya. Namu damben iyakarsa kasuwannin ƙauye bayan kaka. Washegari na je filin wasa na Ahmadu Bello na ce ina so in koya. Mahaifina bai so ba. Ya ce, "Kai yaro, wanda ya bar gado ya kama na aro, ranar da mai abu ya zo karɓa tsirara zai bar shi." Amma bai hana ni ba. Sharaɗinsa ɗaya, kada in bar zuwa kwata.

Shekara takwas na yi ina wannan rayuwa mai fuska biyu. Gudu kafin sallar asuba, fiɗa da sassafe, da yamma tsallen igiya da buhun naushi. Daga baya wata masaƙa a Kakuri da ke da kulob na 'yan wasa ta ɗauke ni aikin wucin gadi, ana biya na kullum-kullum. A 1985 na je gasar ƙasa a Ilori na yi abin da ya sa aka san da ni. Farkon 1986 takarda ta zo, an gayyace ni sansanin horo a Legas, shirin gasar ƙasashe rainon Ingila da za a buɗe a Edinbara ta Birtaniya ranar 24 ga Yuli.

Wanda bai san talauci ba zai ɗauka lambar yabo kwalliya ce ta rataya a bango. A wurina ba haka ba ne. Wani babba a masaƙa ya kira ni ofis ya ce in na dawo da lamba, kowace iri ce, za a mayar da ni cikakken ma'aikaci mai albashin wata. Akwai yarinyar da aka kai mini kuɗin gaisuwa gidansu, iyayenta suka ce su dai suna jira su ga na samu abin yi tsayayye. Mahaifina kuma tari ya fara cin ƙarfinsa, hayaƙin tukuba na shekara da shekaru ya taru a ƙirjinsa. Duk waɗannan na ɗaure su a igiya ɗaya na rataya a wuyan Edinbara.

Sansanin yana Surulere. Azumin wannan shekarar ya kama cikin Mayu da Yuni, daidai lokacin da horo ya fi zafi. Kocinmu Kirista ne daga kudu, mutum mai faɗa amma mai tausayi. Da ya ga mu biyu ba mu ajiye azumi ba, sai ya mayar mana da horo mai nauyi bayan buɗa baki, shi kuma ya riƙa zama da mu har ƙarfe goman dare ba tare da an biya shi ko kwabo a kai ba. Ban manta masa wannan ba. A Legas na yi ƙaramar Sallah, karo na farko da na yi ta ba a gaban iyayena ba. Bayan Sallah aka yi gwajin ƙarshe, na doke mutum biyu a ajina, aka rubuta sunana. Aka auna mu ɗinkin kwat, aka kai mu aka ɗauki hoto, fasfo ya fito. Daren da aka damƙa mini shi, ƙarƙashin matashi na sa shi.

Kada a ɗauka ban san abin da ke faruwa a Afirka ta Kudu ba. Duk wanda ya tashi da rediyo a wancan zamani ya san Soweto, ya san yadda 'yan sanda suka buɗe wa 'yan makaranta wuta ranar 16 ga Yunin 1976. Muna jin yadda ake yankar wani abu daga albashin ma'aikata ana zubawa a asusun taimaka wa masu gwagwarmaya. A cikin watannin da muke sansani ma, sojojin mulkin wariyar launin fata sun kai hari Botsuwana da Zambiya da Zimbabuwe a rana ɗaya, 19 ga Mayu, alhali tawagar dattawan ƙungiyar rainon Ingila, wadda Janar Obasanjo ke cikin shugabanninta, tana ƙoƙarin sasanci. A watan Yuni suka kafa dokar ta-ɓaci. Ƙasashen Afirka suka ce a ƙaƙaba musu takunkumin tattalin arziki, Firaministar Birtaniya Magaret Taca ta kafe ta ce ba da ita ba. Duk muna ji, kuma ranmu yana ɓaci da gaske. Sai dai ban taɓa haɗa wannan labari da fasfon da ke ƙarƙashin matashina ba.

Akwai wani mataimakin koci da ba ya yawan magana. Shi yana cikin waɗanda suka je Montiriyal ta Kanada a 1976, suka kwana a masaukin 'yan wasan Olamfik, aka ce su haɗa kayansu ana gobe buɗe gasa, saboda ƙungiyar zari-ruga ta Niyu Zilan ta je wasa Afirka ta Kudu kuma an ƙi hukunta ƙasar. A 1978 ma Najeriya ta ƙi zuwa gasar ƙasashe rainon Ingila a Edmonton ta Kanada kan wannan magana. Wata rana ya gan ni ina shafa fasfona, ya ce, "Ƙanena, kada ka yarda ka tafi sai ka ji ƙararrawar turmin farko." Na ɗauka baƙin ciki ne irin na wanda zamaninsa ya wuce.

Saura kamar sati biyu a buɗe gasa, muna shan shayi da safe, wani ɗan tsere ya shigo da ƙaramar rediyo a kunne. A rediyo muka ji, kamar kowa a ƙasar. Najeriya ba za ta je ba, saboda Taca ta ƙi sa wa Afirka ta Kudu takunkumi. Ba wanda ya yi magana. Wani ƙaton mai ɗaga nauyi ya tashi ya shiga banɗaki, muka riƙa jin kukansa ta bayan ƙofa. Sai da rana ta yi sannan wani jami'i ya zo cikin farar shadda, ya tara mu, ya yi jawabin da bai wuce minti goma ba. Ya ce mun yi sadaukarwa, tarihi ba zai manta da mu ba. Ba a tambaye mu ba kafin a yanke, ba a tambaye mu ba bayan an yanke. Aka karɓe kwat ɗin, aka ba mu kuɗin mota. Fasfo ne kawai ya rage a hannuna.

Jirgin ƙasa na hau. Yini da kwana ina zaune a jikin taga, ban ci komai ba sai ruwa. Da na shiga gida mahaifina yana zaure a kan buzu. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce, "Ka dawo? Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Layya ta matso, ka wasa wuƙaƙenka." Ya faɗa ne don ya sanyaya mini, na sani. Amma a ranar ji na yi kamar ya ce, ai na gaya maka.

An yi gasar ba mu. Ƙasashe 32 cikin 59 suka ƙi zuwa, yawanci na Afirka da Asiya da tsibiran Karibiyan. Damben ya koma kusan na ƙasashen Turawa zalla, Kanada ta kwashe zinare shida. Ɗaya daga cikin yaranta, Lennox Lewis, bayan shekara biyu ya ci zinaren Olamfik a Seoul, daga baya ya zama zakaran duniya. Ba ina cewa da na je da na zama kamarsa ba, ajinmu ma ba ɗaya ba ne. Abin da nake cewa shi ne shi an bar shi ya gwada. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, Afirka ta Kudu ba ta ma cikin gasar, tun 1961 ta fice daga ƙungiyar. Taca kuma ba ta sauya ra'ayi ba. Na riƙa tambayar kaina, to wa aka hukunta? Ranar babbar Sallah, tsakiyar Agusta, ina durƙushe a ƙofar gidan wani alhaji ina fiɗar rago, wani yaro ya nuna ni ya ce wa ɗan'uwansa, "Ga wanda aka ce zai tafi Ingila." Na sunkuyar da kai na ci gaba da fiɗa.

Daga nan komai ya fara warwarewa. A watan Satumba aka karya darajar naira, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Masaƙa ta fara rage ma'aikata, mu na wucin gadi da mu aka fara. Babban da ya yi mini alkawari ya daina amsa gaisuwata. Kafin ƙarshen shekara aka dawo mana da kuɗin gaisuwa a ɗaure cikin hankici. Ban ga laifin iyayen yarinyar ba, ba za su jiƙa 'yarsu su sha ba.

Nan ne na yi kuskuren da ba zan ɗora wa kowa ba. Akwai gasar Afirka da za a yi a Nairobi a watan Agustan 1987, kuma sunana yana cikin waɗanda za a sake kira. Kocina na Kaduna ya roƙe ni, ya ce in yi haƙuri wata takwas. Ni kuwa zuciya ta riga ta ci ni. Na ce ba zan ƙara zubar da gumi don wani ya zauna a ofis ya soke shi da biro ba. Na fara shan ƙwaya, da farko don in samu barci, daga baya don kada in yi tunani. Da kaka ta yi na koma damben gargajiya, inda in ka yi kisa, wato ka kayar da abokin karawa ƙasa, a take ake maka liƙi, ka ƙirga abinka ka sa aljihu. An hana ɗan damben zamani shiga wannan fage, na sani sarai. Na yi ta kisa a garuruwa, makaɗa suna zuga ni, ina jin daɗin ganin mutum ya zube, abin da ban taɓa ji ba a da. Wani dare a wani ƙauye a hanyar Funtuwa na shiga fili a buge. A turmi na biyu na sauke garkuwata, wani yaro da ko sunansa ban sani ba ya kawo mini kara a idon hagu. Ban faɗi nan take ba, sai da na ga duhu ya rufe rabin duniya. Sati uku na yi ina sa maganin gargajiya kafin in je asibitin ido. Likita ya ce da na zo da wuri da an yi wani abu. Idon ya tafi, dambe ya tafi da shi.

Mahaifina ya rasu a 1988. Jinyarsa ta cinye teburin kasuwa, tukuba kawai ta rage. Abin da ke damuna har gobe shi ne a watanninsa na ƙarshe ɗansa na fari bai da wani amfani a wurinsa. Ƙanena ne ya riƙa kai shi asibiti. Ana saura kwana biyu ya cika ya kama hannuna na dama, ya daɗe yana juya shi, ya ce, "Wannan hannun bai mutu ba. Ka riƙe wuta, kada ka bar tukuba ta huce." Da wannan maganar na daina ƙwaya. Ba a rana ɗaya ba, na faɗi na tashi ya fi sau biyar. Inna ce ta riƙa kulle ni a ɗaki da kanta, tana zaune a bakin ƙofa da carbi.

Ranar 11 ga Fabrairun 1990 aka saki Mandela bayan shekara 27. Unguwa ta ɗauki murna, mutane suka cika shagon mai talabijin. Ni na kashe rediyona. A watan Mayu da ya zo Najeriya godiya, na ce a raina, manya zai gode wa, ba mu ba. Kunya nake ji in na tuna, amma haka zuciyata take a lokacin, na tsani sunan mutumin da bai yi mini komai ba.

Akwai wani malamin sakandare da ke zuwa sayen tsire duk daren Asabar. Baƙi ne siriri, Hausarsa a karye, na ɗauka mutumin Gana ne. Wani dare ana ruwa ya fake a rumfata, ya ga tsohon hotona da safar dambe a jikin kwalin da nake ajiye ciniki. Ya tambaya, na ba shi labari da ɗaci, har na ce saboda mutanen da ban taɓa gani ba aka kashe mini rayuwa. Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Mai nama, ni ɗan Soweto ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bai yi fushi ba. Ya ce yana ɗan shekara 17 aka yi harbin 1976, ya tsere ta Botsuwana da ƙafa, aka kawo shi Najeriya cikin ɗaliban da aka ɗauka, ya yi karatu a Zariya. Mahaifiyarsa ta rasu yana nan, wasiƙar ta iso shi bayan an yi wata biyu da binne ta. Na ɗauko masa fasfona, don lokacin a aljihu nake yawo da shi. Ya buɗe, ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Naka ba hatimi. Ni ƙasata ko fasfon ba ta taɓa ba ni ba."

Ban bar shi ya tafi ba sai da na yi masa tambayar da ta shekara huɗu tana cina. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, zamanmu a gida ya amfane ku?" Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce abin da ya ƙona ran Turawan ƙasarsu shi ne hana su shiga fili. An hana su Olamfik tun 1964, an kore su gaba ɗaya a 1970, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta kore su a 1976. Ya ce zari-ruga a wurinsu kamar addini take, da wata kotu a Niyu Zilan ta tsayar da zuwan ƙungiyar ƙasar a 1985 sai ka ce mutuwa aka yi musu. Ya ba ni labarin yadda yana yaro ake ware wa baƙaƙe wani lungu a filin wasa, a bayan waya, su kuma su yi ta goya wa baƙi baya don su ga an kayar da masu danne su. Game da Edinbara kuwa ya ce, "Naku bai girgiza Taca ba, wannan gaskiya ce. Amma mu da ke gudun hijira, ranar mun san ba a manta da mu ba. Na yi kuka ranar." Sai ya tambaye ni ko an nemi yardarmu kafin a yanke. Na ce a'a. Ya girgiza kai ya ce wannan ba daidai ba ne.

Kwana na yi ban runtsa ba. Wani abu ya bayyana mini wanda ban taɓa yarda in kalla ba. Da a ce wannan jami'in mai farar shadda ya zo kafin a sanar, ya kawo mana irin wannan malamin ya tsaya gabanmu ya ba mu labarin mahaifiyarsa, sannan ya ce ku zaɓa, ina kyautata zaton da na ajiye safar da hannuna. Da na yi kuka, amma da abin nawa ne. Sadaka daban, ƙwace daban, ko da aljihu ɗaya kuɗin za su shiga. Na kai wannan magana wurin limamin unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da aka karɓe wa mutum da ƙarfi aka yi aikin alheri da shi, yana da lada?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai bashi ma in ka yafe ya zama sadaka. Ka yafe, ka bar wa Allah lissafin." Shekara biyu na yi kafin in iya faɗin haka da zuciya ɗaya. A tsakanin nan malamin ya koma ƙasarsu, ni kuma na yi aure. Ranar 27 ga Afrilun 1994 da suka yi zaɓe, na kunna rediyo da kaina, ina tunaninsa a cikin layi.

Ban daɗe da samun wannan natsuwa ba na ga ɗaya fuskar abin. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin mutanen Ogoni, da mutum takwas a Fatakwal. Aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar rainon Ingila, Mandela na kan gaba wajen suka. Sai ga shi a Janairun 1996 Abacha ya hana 'yan ƙwallonmu, masu riƙe da kofin Afirka, zuwa kare shi a Afirka ta Kudu. Hukumar ƙwallon Afirka ta ƙara mana da haramcin gasar 1998. Yaran da suka ci zinaren Olamfik a Atlanta a wannan shekarar ta 1996, kofin Afirka biyu suka wuce su suna kan ganiyarsu. Sanda ɗaya ce. Jiya an ɗaga ta da sunan waɗanda ake zalunta, yau an ɗaga ta don huce haushin wanda aka ce ya yi zalunci. Duka biyun a bayan ɗan wasa ta sauka.

Shi ya sa in aka tambaye ni yau, ba na cewa wasa ba ruwansa da siyasa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa jin labarin lungun bayan waya ba. Gwamnatin da ke kashe mutane tana son filin wasa ne don ta wanke fuskarta, kuma hana ta shiga yana yi mata ciwo. A kore ta, ina goyon baya, kuma a yi wa kowa da mudu ɗaya. An dakatar da Rasha daga ƙwallon duniya cikin kwana huɗu da shigarta Yukiren a 2022, amma an yi ta kiran a yi haka kan abin da ya faru a Gaza, kiran bai samu irin wannan amsa ba, kuma yaranmu suna gani. Abin da ba na goyon baya shi ne ka kulle ɗanka a ɗaki don ka ɓata wa maƙwabci rai. A gasar hunturu ta Beijin a 2022, Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya sun hana jami'ansu zuwa, suka bar 'yan wasa suka tafi. Da na ji na ce, ashe ana iya haka. Manya su zauna a gida, su ne masu wata gasar a gaba. Ɗan dambe shekarun ƙarfinsa ba su fi shida ko bakwai ba. In kuwa abin ya kai dole sai kowa ya zauna, to a zo a dube su ido da ido a gaya musu, a ji ta bakinsu, kuma wanda ya yanke ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya, aiki ko karatu ko jari. Mu kuɗin mota aka ba mu.

A 2019 da aka riƙa ƙona shagunan baƙi a Johannasbag har aka kwaso 'yan Najeriya a jirgi, tsohon mikin ya motsa. Wasu abokaina suka zo har tukuba suna cewa, ka ga waɗanda ka rasa ido dominsu. Na ce musu idona ni na kai shi fili a buge. Abin da na yafe kuma na riga na yafe, ba a bin sawun sadaka.

Yanzu ɗana ne ke gaban wuta, ni ina zama a benci ina karɓar kuɗi. Da la'asar ina zagayawa bayan gida inda muka rataye buhuna biyu a jikin dalbejiya. Yara goma sha ne suke zuwa. Dokata ɗaya ce, irin ta mahaifina, ba na ɗaura wa yaro safa sai yana makaranta ko yana da sana'ar hannu, kuma ina zuwa da kaina in tambayi maigidansa. Duk wanda na ji ƙwaya a bakinsa, gidansu nake fara zuwa kafin in yi masa magana.

Bara ɗaya daga cikinsu, ɗan wani mai faci, ya samu shiga tawagar da ta je wata ƙaramar gasa a Akara. A turmi na uku na wasansa na farko aka fitar da shi. Daga tasha bai wuce gida ba, ya zo tukuba da jakarsa a kafaɗa, leɓensa a kumbure, ya durƙusa ya ce, "Baba, ban ciwo komai ba." Na ce ya ba ni fasfonsa. Na matsa kusa da fitila, na karkata kai ta wajen idon da ke gani, na buɗe. Hatimi biyu ne, na shiga da na fita, tawadar ɗaya ta ɗan baje. Na daɗe ina shafa su da babban yatsa. Sannan na miƙa masa, na ce wa ɗana ya yanka masa balangu mai zafi, ya sa masa yaji kaɗan saboda leɓen.